Ekurun Ƙafar Hagu

Kwana biyu a jere ƙarar guduma ta hana ni barcin rana. Da bugun mai aiki ne da ban damu ba, don shi na saba da shi tun ina saurayi: a buga, a dakata, a duba, a sake bugawa. Wannan kuwa bugun mai fushi ne, gwam-gwam-gwam ba numfashi, kamar an kama ɓarawo a kasuwa. Ina kwance a zaure, duk bugu ɗaya sai na ji shi cikin 'yan haƙoran da suka rage mini.

Ɗana ne, na biyu, wanda ke jigilar fasinja tsakanin Gaya da Doso da wata ƙaramar mota. Ba yaro ba ne, magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, furfura ma ta fara leƙo masa a gemu. Ƙafar gaba ta hagu ta daɗe tana ƙas-ƙas in ya karya kwana, aka ce masa kardan ne ya mutu, sandar nan da ke kai ƙarfin injin zuwa ƙafa. Da ƙyar ya samo wani daga Malanbil, don yanzu kaya ba sa ƙetaro kogi da sauƙi kamar da. Ya ce ba zai kai ta garaj ba, da kansa zai canza a tsakar gida. Wallahi da na ji haka sai da na ji sanyi a raina. Na shiga ɗaki na jawo tsohon akwatin kayan aikina daga ƙarƙashin gado, na kakkaɓe shi, na ajiye kusa da ƙofa. Na ce yau za a tambaye ni.

Ba a tambaye ni ba. Wayarsa ya jingine a jikin dutse, wani anasara mai fararen safar hannu yana ta zuba a ciki da harshen da daga ni har shi ba mai ji, yana kallo yana kwaikwayo. Komai ya tafi daidai har ya iso kan ekuru, wanda mutanen Kamba ke ce wa noti, ƙaton nan da ke zaune a tsakiyar ƙafa ya riƙe bakin kardan. A nan aiki ya tsaya. Ekuru ya ce ba inda za shi. Ruwan damina ya ci shi, tsatsa ta haɗe shi da sandar, ga shi 'yan garaj da suka taɓa shi a bara sun ɗaure shi da injin nan nasu mai kuka kamar ana yanka akuya, ba ko ɗigon giris.

Na fito da sandata na tsaya a kansa. Na ce, "Ka duba bakinsa kuwa?"

Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Baba, ku je ku huta. Motocin yanzu ba irin naku ba ne."

Irin namu! Na juya na koma zaure, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa ɗa a gaban matarsa. Ni da na shafe shekara arba'in da ɗoriya ina tuƙin kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, na san kowane rami daga nan har Agadas, na taɓa sauke injin a tsakiyar daji da igiya da reshen gawo, yau ni ake ce wa in je in huta. Hutun me? Tun da idona ya raunana aka karɓe mini makulli, me nake yi in ba hutu ba? Sun canza wa mota fenti, sun cika ta da fitilu da wayoyi, to sai me? Tsatsa ba ta canza ba, ekuru ma bai canza ba.

A gidan Kawu na koyi aiki, yayan innata. Kamiyo ɗaya gare shi, tsoho, mai dogon hanci, irin wanda ake tayarwa da hannu, a soka ƙarfe a gaba a yi ta murɗawa har ya yi tari ya kama. A lokacin kamiyon garin nan ba su da yawa, kowa ya san kukan kowanne. Mata na cikin daka sai ka ji ɗaya ta ce, ga na wane can ya taso daga bakin kogi. Gidan Kawu ba shi da nisa da ruwa. Da sassafe kana jin masunta suna buga gefen jirgi, matan Dandi suna kiran kifi, luguden taɓarya na amsawa daga gida zuwa gida, hayaƙin banda da warin gazuwal, man da kamiyo ke sha, duk a haɗe cikin hanci. Ni aikina na aparanti ne, yaron mota mai koyon aiki. In ɗebo ruwa daga kogi a ba injin, in wanke ƙarafa cikin rabin garwa da gazuwal har fatar hannuna ta yi fari, in shimfiɗa buhu in jera su bi da bi yadda aka kwance su, kuma kaitona in na sa na uku a gurbin na huɗu. In ɗaura kaya, in sauke kaya, in diro da gudu in tokare ƙafa da itace duk inda muka tsaya a gangare. Shekara guda cur ban taɓa kile ba, abin kwance ekuru ke nan, sai dai in miƙa wa mai shi.

Kawu ba mai yawan magana ba ne. In ekuru ya ƙi, ba ya zagi, ba ya huci. Zai jawo kujera ya zauna, ya goge shi da tsumma har ya fito fes, ya tsura masa ido kamar mai bitar allo, ya bi shi da yatsa ko ta ina. Sa'an nan ya ɗiga masa gazuwal, ya tashi ya yi alwala. In ya dawo ya ƙwanƙwasa gefe-gefe a hankali, ƙwas, ƙwas, ya sake ɗigawa, ya koma hira da maƙwabci kamar ya manta. Wani lokaci a yini a haka, wani lokaci a kwana. In duk da haka ya ƙi, a aika gidan maƙeri a ɗebo gawayi da zugazugi, a gasa shi har ya yi ja. Abin da ya fi yawan ce mini shi ne, "Duba tukuna. Hannunka ya fi idonka sauri, shi ne ciwonka." Ni kuwa in koma gefe in yi tsaki a ciki, ina ganin tsufa ne ya sa shi nawa.

Yanzu fa? Je ka bakin gudron, titin kwalta, ka gani. Garaj a kowane lungu. Wanda ya yi wata shida yana kallon wani na aiki, gobe ya kafa rumfarsa ya rubuta sunansa da jan fenti. Ba mai gyara kuma, cire a jefar ne a sa sabo, sabon ma kwali ne mai ƙyalli, ƙarfen ciki kamar na gwangwanin madara. A ɗaure ekuru da injin har ya yi kuka, ba wanda ke tuna mutumin da zai zo kwance shi wata rana. Kawu in zai ɗaure sai ya shafa giris da yatsansa, ya ce, "Wani ne zai kwance. Wataƙila a rana, wataƙila a daji, wataƙila kai." A da, in mota ta tsaya wa mutum a hanya, duk direban da ya zo wucewa sai ya tsaya, ko da kuwa jiya kun yi faɗa a tasha. Yau sai a bule ka da ƙura a wuce, wani ma ya ɗago waya ya ɗauke ka hoto. Kukan babura ya cinye garin, ba ka jin kogi ko kana tsaye a bakinsa. Tsoho kuwa a gida ya koma kamar tsohuwar taya, a jingine shi a bango, a gaishe shi safe da yamma, shi ke nan an sallame shi.

Amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ba lalacewar zamani kaɗai ke tafasa ni ba. Wannan bugun na san shi. Ni ma na taɓa yin irinsa.

Bayan kaka ne, a shekarata ta biyu a hannun Kawu. Mun ɗauko gero daga kasuwar Yelu, kamiyo cike har sama, muna cikin dajin giginya sai ƙafar gaba ta hagu ta fara hayaƙi. Rulma ne ya ƙone, ƙwallayen ƙarfen nan da ƙafa ke juyawa a kansu. Kawu yana da wani a akwati, don ba ya tafiya ba shi. Muka kafa kirik, abin ɗaga mota, a kan ɗan katako, muka ɗaga kamiyo, muka cire taya. Ekurun da ke riƙe da ƙafar kuwa zafi ya manne shi a jikin sandar. Kawu ya duba, ya daɗe yana dubawa, ya ce wannan sai da wuta. Akwai ƙauye can gaba kaɗan, ana hango rumbunansu. Kafin ya tafi neman maƙeri ya ce mini abu uku, har gobe ina jin su a kunnena. "Ka sauke buhunan gefen nan. Ka jawo guntun giginyar can ka tura ƙarƙashi. Kada ka taɓa ekurun."

Na sauke buhu huɗu, rana ta buɗe, na gaji. Guntun giginyar yana da 'yar tazara, ga nauyi. Na zauna a inuwar kamiyo ina harar ekuru. Ina da ƙarfi a lokacin, ni ke kokawa a dandalin unguwarmu, ba wanda ya taɓa kai bayana ƙasa. Na ce a raina, tsohon nan zai dawo da gawayinsa ya tarar na gama, daga yau ya daina mayar da ni ɗan miƙa kile. Na ɗauko babban kile, na zura masa tiyon ƙarfe mai tsawon mutum, na danna. Shiru. Na buga da guduma, na zage shi, na zagi wanda ya ƙera shi. Sa'an nan na hau kan tiyon da ƙafa biyu, na dafa jikin kamiyo, na shiga tsalle. Abin da ban sani ba, don ban taɓa tambaya ba, shi ne ekurun gefen hagu na wannan kamiyo a juye yake. Inda nake zaton kwancewa nake, ɗaurewa nake. Duk tsalle ɗaya ina ƙara masa ƙarfi, kamiyo yana rangaji a kan kirik, katakon yana nutsewa cikin rairayi.

Ban ji dawowar su Kawu ba. Tiyon ya kuɓuce, na faɗi da baya, ƙafafuna biyu suka shige ƙarƙashin ƙarfen, daidai lokacin da kirik ya fara kwantawa. Na ji an yi salati. Kawu ya watsar da gawayin, ya faɗo kaina, ya dafa ƙasa da hannun dama, ya sa na hagu ya finciko ni waje kamar buhu. Kamiyo ya sauko. Ba wata ƙara mai yawa, ɗan dum ne kawai, sai kukan buhunan gero suna gyara zama. Ni na fita ko ƙwarzane babu. Hannun Kawu yana ƙarƙashi.

Bai yi ihu ba, ni na yi. Maƙerin da ya biyo shi da wasu mutum biyu suka haƙa rairayin da hannu da hauya har suka zaro shi. Ban iya kallon abin da suka zaro ba. Aka naɗe da rawanin maƙeri, aka samo amalanken shanu don a kai shi bakin babbar hanya. Muna tafe yana kwance, fuskarsa ta koma kamar toka, sai ya yafito ni da ido. Na sunkuya. Na zaci tsinuwa ce, kuma da ita ce da na karɓa hannu biyu.

Ya ce, "Kirik ne ya zame. Ka ji ko?"

Na ce, "Kawu, ni ne na..."

Ya ce, "Rufe mini baki. Kirik ne ya zame. In na ji wata magana a bakinka, ban yafe ba."

Haka ya faɗa a gidan likita, haka ya faɗa wa matarsa, haka ya faɗa wa innata da ta zo tana kuka. Yatsu uku suka tafi, sauran hannun ya shanye ya lanƙwashe a ƙirjinsa. Bai sake tuƙi ba. Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Kawu mutum ne da ba ya cin abinci shi kaɗai. Kullum a ƙofar gidansa ake baje akushi, baƙo da maƙwabci da ɗan tasha kowa ya sa hannu. Tun daga ranar ya daina, don ba zai sa hagu cikin kwanon mutane ba. Sai a kai wa baƙi nasu, shi ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya, ya ci da hagu, miya na zuba a rigarsa. Ni ke kai masa ruwan wanke hannu. Da ya dake ni, da ya kore ni, da na samu sauƙi. Ina! Sai ya sa aka ajiye masa kujera kusa da kamiyo, ya ce, "Ɗauki kile. Daga yau kai ne hannuna." Da baki ya koya mini komai, a hankali, ba tsawa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ambata dajin giginya ba. Na tuƙa masa kamiyon har ya koma ga Allah, ni na sa shi a kabari da hannuna, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko matata.

To, a rana ta uku da fara aikin ɗana, bayan azahar, sai bugun ya tsaya. Shirun ya fi bugun tayar mini da hankali. Na fito. Me zan gani? An cire taya, mota na tsaye a kan ɗan siririn kirik ɗin nan da ake sayar da ita da shi, wanda ko akuya ta goga jiki sai ya faɗi, ba komai a ƙarƙashi. Ɗana ya soke ƙarfe ya hana ƙafar juyawa, ya zura tiyon famfo a kile, ya ɗora ƙafa ɗaya a kai yana tsalle, ɗayar ƙafar tana ƙarƙashin ƙarfen birki. Motar tana rangaji.

Ban san lokacin da na ƙetare tsakar gidan ba, ni da nake jan ƙafa zuwa masallaci. Na ɗaga sanda na zabga masa a kafaɗa da iyakar ƙarfina.

"Sauka! Sauka, don ubanka!"

Ya diro gefe, ya dafe kafaɗa, ya dube ni da jajayen idanu. Matarsa tana bakin madafa da ludayi a hannu, ta yi saurin shigewa ɗaki.

Ya ce, "Baba, ni kuka daka? A gaban iyalina?"

Na ce, "An dake ka! Gobe ma in na ga haka sai na ƙara. Jaki kawai, ga ƙarfi ba ido!"

 Ya ɗauki hularsa ya fice.

Na tsaya ina haki. Hajiya, uwar 'ya'yana, ta fito daga ɗakinta. Na ce ta taya ni mu mirgino guntun turmin da ya tsage. Muka tura shi ƙarƙashin mota, tsofaffi biyu muna nishi. Sa'an nan na jawo akwatina, na zauna a ƙasa, na goge ekurun da tsumma. Idona ba ya gani sosai, sai na bi shi da yatsa. Ga shi nan kuwa, abin da na tambaye shi tun ranar farko. Bakin ekurun yana da ɗan leɓe, an dake shi ya shige cikin wata tsaga a jikin sandar, don kada ya kwance a hanya. Muddin ba a ɗaga leɓen nan ba, ko giwa ce ta hau tiyon ba zai motsa ba. Kwana uku yana dukan abu bai dube shi ba! Na ɗauko kurfi, ɗan siririn ƙarfe mai kaifin baki, na sa a tsagar. Hannuna rawa yake yanzu. Aikin da a da nake gamawa kafin a ƙare gaisuwa, sai da na kusa la'asar a kansa, na fasa babban yatsana sau biyu. Da leɓen ya ɗago, na jiƙa ekurun da gazuwal, na ƙwanƙwasa gefe-gefe, na sake jiƙawa. Na je ɗaga taya in mayar, ta ƙi ɗaguwa. Na sake gwadawa, ta kayar da ni zaune. A nan na zauna ina zagin hannuwana.

Haka ɗana ya dawo daga masallaci ya same ni. Ya tsaya, ya dubi turmin, ya dubi jinin da ke yatsana. Ban dube shi ba. Na ce, "Mayar da taya." Ya mayar. Na ce, "Janye turmi, ka sauke ta ƙasa. Nauyinta ne zai riƙe maka, ba kirik ba." Ya sauke. Muka tokare ƙafafun da duwatsu. Na ce wa Hajiya ta shiga ta taka birki, ita da ba ta taɓa zama a kujerar direba ba. Ta tattare zane ta shiga, tana cewa a yi mata a hankali kada abin ya tashi da ita. Na zura kile ta ramin tsakiyar taya da hannuna, na tabbata ya zauna daidai.

Na ce masa, "Kama ƙarshen tiyon. Ba tsalle. Ka kwanta masa da nauyinka, a hankali."

Ya kwanta. Shiru.

"Kada ka saki. Ƙara."

Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Sai ƙas! kamar an harba bindiga, har tantabarun maƙwabta suka watse. Hajiya ta rafka salati a cikin mota. Daga nan ekuru ya biyo kile kamar ba shi ba.

Ɗana ya ɗora shi a tafin hannu yana juyawa, ya ga leɓen da na ɗaga. Ya ce, "Ashe wannan ɗan abin ne. To, Baba, me ya sa ba ku faɗa mini ba tun shekaranjiya?"

Wallahi da sandar tana kusa da na ƙara masa. Na lallaɓa na miƙe na shige ɗaki.

Hajiya ta biyo ni da ruwan ɗumi da tsumma. Tana wanke mini yatsa ta ce, "Alhaji, ka daki mai 'ya'ya huɗu a gaban matarsa. Sai ka san yadda za ka gyara wannan."

Na ce, "Ke ba ki san abin da na gani ba."

Ta ce, "Na sani mana. Hannun Kawu ka gani."

Na janye yatsana. Na ce, "Kirik ne ya zame."

Ta yi mini irin kallon da take yi wa jikoki in sun yi ƙarya. "Kirik ya zame, kai kana tsalle a kan tiyo. Matar Kawu ce ta faɗa mini, satin da aka kawo ni gidan nan. Maƙerin ya ba da labari a kasuwar Yelu tun kafin a sallamo Kawu daga likita. Duk unguwa an sani. Innarka ma ta sani."

"Inna?"

"Ita ta fara ji. Kawu ya bi mutane gida-gida da hannunsa a naɗe, ya roƙe su kada wanda ya faɗa maka a fuska. Ya ce ya san halinka, in ka gane an sani, kunya za ta kore ka kurmi, can kudu, ba za a sake ganinka ba. Ya ce hannu ya riga ya tafi, ba zai bari ɗan ƙanwarsa ya bi shi ba."

 Na tuna maƙwabtan da na yi shekaru ina gaisawa da su. Na tuna direbobin tasha da muka sha cacar baki, har da wanda muka taɓa kai wa juna hannu a kan layi, ba wanda ko cikin fushi ya taɓa goranta mini. Na tuna innata tana dama mini fura tana sa mini albarka, alhali ta san ni na gurgunta mata ɗan'uwa. Gari guda ya riƙe bakinsa saboda mutum ɗaya ya roƙa. Yau kuwa in ka yi tuntuɓe a ƙofar gidanka, kafin ka miƙe an gani a waya har Yamai.

Na ce, "Kuka bar ni ina ɗauke da shi ni kaɗai, kuna kallona?" Muryata ta tashi har sai da ta miƙe ta tura ƙofa.

Ta ce, "To me kake so mu yi? Alkawari muka ɗauka."

"Shi ya mutu! Ke kina nan, kullum muna ɗaki ɗaya!"

"Ya mutu, amma bai ce ya sake mu ba."

"To yau me ya sa kika faɗa?"

Ta kama yatsan ta ci gaba da ɗaurewa. Ta ce, "Don yau na ga abin ya fara cin wani, ba kai kaɗai ba."

 Can na ce, "Yaran fa? Sun sani?"

Ta ce, "A'a. Duk waɗanda suka sani suna kushewa, saura ni da kai. Wannan kam naka ne. In ka ga dama ka faɗa musu, in ka ga dama ka tafi da shi."

Washegari da hantsi, an sa sabon kardan, motar ta kama hanyar Doso. Kafin ɗana ya fita ya durƙusa a ƙofar zaure ya gaishe ni kamar kullum, yana ɗan karkata kafaɗar, na amsa kamar kullum. Na buɗe baki in ce ya zauna mu yi magana, abin da ya fito shi ne, "Allah ya tsare." Ya ce amin, ya tafi.

Har yanzu ban faɗa masa ba, haushin kuma yana nan bai ragu ba. Na ji haushin 'yan garaj, na ji haushin ɗana, na ji haushin Hajiya, har Kawu a cikin kabarinsa sai da na ji haushinsa, Allah ya yafe mini. Da na gama zagayowa da haushin na duba wanda ya rage, ba kowa a zauren sai ni.